Man Aduwa da Hular Yaya

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki biro. Sau da yawa nakan fara in ajiye, don ina jin kunyar a ce a garin da kowane gida ya cika da 'yan'uwan da suka gudo daga ƙauye, a garin da ta'aziyya ta zama aikin kullum, wai wani tsoho ya zauna yana rubutu a kan man shafawa. Ga shi karatuna bai wuce firamare ba, ina tsoron in rubuta abin da ba daidai ba, wani ya ɗauka ya yi aiki da shi, alhakin ya dawo wuyana. Amma sanyin bana ya kai ni inda kunya ba ta da amfani. Biron nan ma a tsakanin yatsan tsakiya da na kusa da shi na maƙale shi, saboda babban yatsana da manuni sun tsattsage, ba sa iya riƙe ko allura. Allurar kuwa ita ce damuwata, domin akwai hular da na fara ɗinka wa yayana, ta tsaya a rabi, shi kuma yana kwance ba lafiya.

Ni maɗinkin hula ne, ɗan maɗinkin hula. Babanmu Bakano ne, ya zo garin nan yana saurayi, ya zauna a unguwar Fezzan, ya auri innarmu Babarbariya, ya koyi zanen mutanen Borno har ya haɗa shi da na gida ya fitar da nasa na kansa, wanda yake kira sawun kurciya. Mu biyu ne 'ya'yansa maza, Yaya da ni, kuma har yau da furfurata Auta yake kirana. Idan lokacin da Inna ke kira binəm ya shigo, wato tsakiyar ɗari, da an dawo daga sallar asuba ni ke ɗebo garwashi a kasko in kai zaure, Yaya ya share, ya shimfiɗa tabarmi. Ina iya jin safiyar nan a kunnena har yanzu: luguden taɓare daga gidajen maƙwabta, tarin tsofaffi a bakin wuta, kukan jakin mai ruwa, sannan idan rana ta ɗan ɗaga sai zaure ya yi tsit, ba ka jin komai sai zaren siliki yana ratsa farin yadi, suu, suu, kamar numfashin mai barci. Yanzu zauren nan an raba shi da labule, iyalin wani ɗan'uwan matata ne ke kwana a ciki, kuma idan safiya ta yi tsit ba daɗi muke ji ba, kunne muke kasawa mu ji daga wace unguwa ƙarar za ta fito.

Baba ba ya barin kowa ya taɓa zare da sanyi sai ya ci jarrabawa biyu. Akwai wani silin siliki da ya rataye a ƙusa a bakin ƙofa. Za ka zo ka goga kan yatsunka a jikinsa daga sama zuwa ƙasa. Idan ya sarƙe a kaushi ko tsaga, yau ba ka ɗinki, sai dai ka warware zare ko ka tafi aike. Idan ka wuce wannan, sai ya miƙo maka wani ɗan farin ƙyalle ka danna babban yatsa a kai, ya ɗaga shi ya duba a hasken ƙofa. In ya ga alamar maiƙo, ka koma. Yakan ce, "Hannu ake fara ɗinkewa kafin hula." To ka ga wahalar sana'armu ke nan: hannun da bai sha mai ba yana cin zare, wanda ya sha mai kuma yana ɓata yadi. Manomi ko mahauci ya shafa duk abin da ya samu ya wuce. Mu sai man da fata ke shanyewa ƙaf, ba ya barin komai a waje.

Irin wannan man mace ɗaya ce ke kawo mana shi, wata Bashuwa daga ƙauyukan gabas, wajen hanyar Dikwa. Ban taɓa sanin sunanta ba, Mai Aduwa kowa ke ce mata. Da sanyi ya fara taɓa kunne sai a ji ƙararrawar takarkarinta a bakin lungu, tana zaune a samansa tsakanin ƙoren nono, kitsonta ya zubo har kafaɗa yana ƙamshin man shanu. Nono da man shanu na kowa ne. Namu yana cikin wani ɗan tandu da take ɗaurewa a gefen zane. Man ƙwallon aduwa ne da kakin zuma, wannan kowa ya sani, sai wani abu na uku da ke sa shi ya yi ja-ja, da wani wari mai ɗan ɗaci kamar hayaƙin ɗanyen icce. Ba wanda ya taɓa tambayar ta mene ne abu na ukun. Wa ke tambayar rijiya inda ta samo ruwa, alhali kullum guga na fitowa cike?

Ranar da na san darajar tandun nan ba ta fita raina. Shekarar ce Baba ya fara ba ni hula sukutum in ɗinka ni kaɗai, ta wani ango. Sanyi ya zo da wuri, Mai Aduwa ta yi jinkiri, na bara ya ƙare. Da safe na ci jarrabawa biyun lafiya lau, amma wajen hantsi, ina cikin jan zare, gefen babban yatsana ya buɗe. Ban ma ji zafi ba. Sai dai na ga ɗigon jini kamar ƙwayar gero a tsakiyar farin, wajen da zai zauna a goshi. Baba ya karɓa ya duba. Bai daka mini tsawa ba, bai ɗaga hannu ba, da ma dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Reza ya ɗauko, ya zaunar da ni a gabansa, ya bi aikin da na yi makonni ina yi yana tsinkewa sili-sili, ya yanke wurin jinin ya jefa a kasko. Ya ce, "Hula kan mutum take hawa, kuma da ita yake kai goshi ƙasa. Ba a kai wa Allah jinin wani." Ina cikin kuka sai ga ƙararrawar takarkari. Ta shigo zaure da sallama, ta dubi zaren da ke zube, ta dube ni, ta kama hannuna ta juya.

Ta ce da Baba cikin Hausarta mai nauyi, "Kai Bakano, zare kake tausayi ko ɗa?"

Baba ya ce, "Ke kika makara, Hajja. Da kin zo da wuri da duka biyun sun tsira."

Ta ce, "Sa na ne ya yi gardama a hanya, irin halin mutanen Kano ya koya. Zo nan, ya wiledi, ɗana, bar tsohon nan da rezarsa."

Ta sa Inna ta kawo ruwan ɗumi a ƙwarya, na tsoma hannu har yatsuna suka yi yamutse. Ta tsane su da gefen mayafinta. Ta lakato man a sakaina, ta kara a garwashi ya narke, ta ɗauki gashin kaza tana cika kowace tsaga kamar mai yaɓen ɗaki. Ta ce kada in taɓa komai sai rana ta kai bakin zaure. Da ta kai, ta sa aka kawo dusar gero na cusa hannuwa ciki na murza. Na danna yatsa a farin ƙyallen Baba, ya ɗaga, ya duba, ya sake dubawa, babu komai. Da azahar na yi alwala, ruwa ya kwanta a fatata kamar ban shafa komai ba. Wannan ma Baba ya riga ya bincika, don ya taɓa kai wa limamin unguwa tandun, liman ya shafa da kansa ya zuba ruwa ya gani, ya ce ba ya tare alwala. Kafin mako ya zagayo tsagar ta haɗe. Amma tsoron da rezar nan ta dasa mini bai haɗe ba. Tun daga ranar ban sake yin wani abu sau ɗaya na yarda ya yi ba. Ƙofa sai na koma na taɓa, alwala sai na sake, hula sai na kai ta rana na juya ta ciki da bai.

Yaya bai ɗauki wannan hali ba, bai ma ɗauki sana'ar ba. Ya ce shi ba zai tsufa yana leƙen kafar allura ba. Ya shiga fataucin hatsi, ya koma can gabas da zama, ya yi iyali da rumbuna. Mai Aduwa ta tsufa, 'yarta ta gaje ta, daga baya jikarta, wadda ta bar takarkari ta koma hawa motar kasuwa, tandu ya zama kwalbar magani, amma man bai canza ba. Haka muka yi ta tafiya har masifar nan ta zo, hanya ta rufe. Wani sanyi ya shigo, na yi ta sauraron sallamar yarinyar, shiru. Na yi ta tsimin kwalbar ƙarshe, ina kankare gindinta da bayan allura, har ta koma ba komai sai wari.

Shi kuwa Yaya da ƙafa ya iso mana, bayan yaran daji masu bindiga sun shiga garinsu. Abin da ya gani ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba. Iyalinsa wasu suna wajen surukai a unguwar Ajilari, wasu sai dai addu'a. Abin da ya tsaya mini a ido shi ne kansa. Mutumin da tun muna samari ban taɓa ganin tsakar kansa a waje ba, ga shi a ƙofar gidana da rana tsaka, furfura a fili, ba hula. Wani maƙwabci ya ba shi irin ta inji, wadda ake zubawa a tire. Yana sa ta, amma murfin tukunya yake ce mata. Da damina ta ja baya ƙafafunsa suka fara kumbura, tari ya kama shi, fita ta gagara. Ran nan ina gyara masa matashi ya ce, "Auta, ka tuna sawun kurciya?" Na ce yaya zan manta. Ya ce, "To ɗinka mini. In ta kammala ku sa ni a keke napep ku kai ni Juma'a, ko sau ɗaya in shiga sahu kamar ɗan Baba, ba kamar wanda aka kwaso ba." Washegari na sayo yadi da zare, na zana, na fara. Na gama kan hular, na ci rabin jikinta, sai sanyi ya sauko.

Hannuna bai taɓa lalacewa kamar bana ba, kuma na san dalili. Ni ke yi wa Yaya wanka, ni ke wanke kayan shimfiɗarsa, don ba zai yarda matata ko 'ya'yana mata su gan shi a wannan hali ba, ni ma ba zan yarda ba. Ruwan sanyi da sabulun gari safe da yamma, ga tsufa. Fatar ta fara da kaushi, ta koma fari-fari kamar an barbaɗa toka, sannan ta buɗe a gaɓoɓi. Na rataya silin siliki a ƙusa kamar yadda Baba ke yi, na goga yatsa, ya sarƙe tun daga sama.

Sai na tafi babbar kasuwa, wurin da yanzu ba na shiga sai na karanta duk addu'ar da na sani. Na tsaya a rumfar masu kayan shafe-shafe, mata na ta kallona. Yaron shagon, wani mai fara'a, ya ce, "Wushe, sannu Baba! Amarya za a yi ne?"

Na ce, "Amaryar ke nan," na buɗe masa tafin hannuna.

Ya ce, "Subhanallahi. Baba, wannan ai gonar firgi ce, laka mai tsagewa da rani. Ga basilin, ga gilisarin, ga man kaɗanya, ga wannan na waje ne, Hajiyoyi ke saye."

Na ce, "Na wajen, me aka sa a ciki?"

Ya ce, "Ai ga shi a rubuce."

Na kai kwalbar haske na yi ta haɗa baƙi. Turancin firamare bai kai nan ba, kalma ɗaya sai ta cika layi. Na ce, "Ba kitsen alade? Ba giya? Ba irin mai sa mutum ya yi fari ba ne?"

Ya yi dariya ya ce, "Baba, in ka yi fari ka dawo in ƙara maka kwalba kyauta. Wallahi ni ma sayarwa kawai nake yi, ban je inda ake dafa shi ba."

Na ce, "Man aduwa fa, na 'yan Shuwa, mai ja-ja?"

Fara'ar ta ɗan ragu. Ya ce, "Kakata na faɗin sa. Amma wa zai shiga daji tsintar aduwa yanzu? Masu itace ma ka ga yadda ake yi da su."

Na bar na wajen, zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Sauran ukun na kwaso, kuma ga abin da na gani, ban ce haka zai zama ga kowa ba. Gilisarin yana shiga tsaga kamar barkono, ya bar hannu yana danƙo, duk wani gashin zare ya manne. Man kaɗanyar da na samu an haɗa shi da wani abu, ya ƙi nutsewa, warinsa kuma ya kama ƙyallen gwaji. Basilin ya fi su sanyaya ciwo, gaskiya, amma ko na murza dusa har hannuna ya gaji, in na danna farin ƙyalle sai ga tambarin yatsana ɓaro-ɓaro. Abin da ya fi wannan, da na zo alwala sai na ga ruwa yana taruwa ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa kamar a bayan agwagwa. Na ɗauko sabulu na wanke tas, sannan na yi alwala. Haka na riƙa yi kowace salla: in shafa, in wanke da sabulu, in yi alwala da ruwan sanyi, in sake shafawa. Kafin in farga tsagar da ke gaɓa biyu ta bazu ko'ina.

Yaya yana kallona daga shimfiɗa ya ce, "Sarkin waswasi! Kai da mai kuke kokawa ko da Shaiɗan? Je ka tambayi malam mana kafin ka kankare hannun ya ƙare."

Na je. Malamin masallacinmu ya saurare ni da haƙuri, ya ce in ba kauri man ya yi a kan fata ba, maiƙo kawai ba ya hana alwala, kuma addini bai ce in halaka hannuna ba. Na yarda da shi, ya fi ni sani nesa ba kusa ba. Amma da na tsuguna na ga ruwan nan yana gangarewa, sai in ji kamar Baba na tsaye a bayana da ƙyalle. Wani mai faci a Galtimari ya ce shi gam yake ɗigawa a tsaga, irin mai kamawa nan take. Na gwada a yatsa ɗaya. Ya rufe ciwon, amma ya bushe ya yi kaifi, ya tsinke mini zare, kuma wannan kam ko malam bai ce ruwa na ratsa shi ba. Sai da na rama sallolin yinin. Na nemi haɗa namu da kaina. Wata mata ta kawo mini kwalba ta rantse man aduwa ne, na shinshina na ji rabinsa man gyaɗa. Duk da haka na narka shi da kakin zuma, na gwada da garin bagaruwa, ya baƙanta ƙyalle. Na gwada da ƙaro, ya yi tauri. Na gwada da hano, ƙamshin ya yi kusa amma ba shi ba ne. Na tambayi Yaya, tunda ya zauna kusa da mutanen, ko ya taɓa ganin abin da suke zubawa.

Ya ce, "Ni aduwar kawai na sani, ina tsotsa in tofar da ƙwallo. Ka san wani abu, Auta? Ranar da muke gudu ta ƙarƙashin itatuwan aduwa muka bi. Sun yi 'ya'ya har rassa na taɓa ƙasa, sun zube ba mai tsinta. A kansu muka yi ta takawa."



Makon jiya na kasa haƙuri. Tarin Yaya ya canza, abinci sai cokali biyu. Na ce bari in saɓa wa silin Baba sau ɗaya. Na bar hannuna ba mai, na naɗe yatsun da tsumma mai tsabta, na ɗauki allura. Na yi layi ɗaya, na shiga na biyu, tsumman ya zame. Ga shi nan, kamar ƙwayar gero, a kan farin, daidai inda kurciya za ta ajiye ƙafa. Na ɗauko reza.

Yaya ya ce, "Me za ka yi?"

Na ce, "Abin da Baba zai yi."

Ya ce, "Baba ango yake ɗinka wa, mai sauran shekaru a gaba. Ajiye rezar nan. Jinin wa? Ba na wani ba ne, namu ne, nono ɗaya muka sha. Bi ta kansa da zare ka wuce."

Na ce, "Da ita za ka yi salla, Yaya."

Ya ce, "Na yi salla a daji da jinin da ya fi wannan a rigata. Kawo in gwada."

Na zare allurar na ɗora masa ita haka nan, rabi ado rabi zanen biro. Ta zauna masa daidai. Ya shafa ta da hannu, ya ce in kawo madubi, da na kawo kuma ya ce in bar shi. Ban yanke ba, ban kuma bi ta kai da zare ba. Na wanke wurin da ruwan sanyi ya dushe, amma ni ina ganinsa. Tana nan cikin ƙwarya an rufe da ƙyalle, abin da ya rage bai wuce rabin jikinta ba. In na sake ɗauka da hannun nan, wani ɗigon zai biyo, da wani. In na jira zafi ya shigo fata ta haɗe da kanta, ban sani ba ko za a jira ni. 'Yata ta ce in kai wa matan nan masu ɗinkin hula da suka gudo daga Bama su ƙarasa, hannunsu ya fi nawa kyau yanzu. Na faɗa wa Yaya, ya juya fuska bango ya ce in haka ne a bar masa murfin tukunyarsa.

Wannan ne ya sa na rubuta. Garin nan yanzu ya tara mutanen gabas kaf, a sansani da gidajen dangi. Ba zai yiwu a ce babu tsohuwa ɗaya a cikinsu da ta taɓa fasa ƙwallon aduwa ta tatsi mai, ta san abin nan ja mai warin hayaƙi da ake zubawa a kai ba. Wataƙila jikar Mai Aduwa ma tana nan da rai, a layin ɗiban ruwa a wani sansani, wata doguwa mai tsaga uku a kumatu. Don Allah wanda ya karanta wannan ya karanta wa kakarsa, ya tambaye ta. Ko sunan abin kawai, ko da Shuwanci ne ko Barbarci, zan nemi mai fassara. In kuma wani ya san man kanti da fata ke shanyewa, wanda ba ya barin tambari a farin yadi, ruwa kuma na kwanciya a kansa, kuma ya san abin da ke ciki da gaske, ba ji ya yi ba, to ya taimake ni. A faɗa wa kowane mai wankin hula a Fezzan, a ce saƙon tsohon nan ne mai yawan tambaya, zai iso gare ni. Sai dai a hanzarta. Tun shekaranjiya Yaya bai ce mini sarkin waswasi ba, bai kuma tambayi hular ba.